Na'urar Aƙilu Mai Gani Har Hanjin Kankare

A shekarar da aka gama aikin madatsar ruwa ta Challawa, ko kuwa wadda ta bi mata, don yanzu shekaru sun hau kan juna a kaina kamar buhunan gyaɗa a sito, an yi wani mutum a ƙauyenmu Tsamiyar Barau ana ce da shi Aƙilu. Ƙauyen yana tsakanin Karaye da Rogo, ya ɗan fi karkata wajen Yammedi. Aƙilu dogo ne siriri, mai dogon wuya, Allah ya hore masa baki. Ya taɓa gyaran rediyo, har rediyoyin garin suka ƙare. Ya taɓa kiwon zabi, zabin suka koma daji. Da aka buɗe aikin madatsa sai ya tafi can, muka sami ɗan hutu.

Aikin da ya samu shi ne riƙon lema. Ba wa mutum yake riƙe wa ba, wa na'ura ne. Akwai wani Bature injiniya da yake da wani akwati mai ƙafafun taya, suna ce masa rada. Kafin a huda kankare ko a yanka shi, sai a tura akwatin a kai, shi kuma ya aika wani abu irin na rediyo ya nutsa ciki. In ya ci karo da rodi ko bututu ko wayar lantarki sai ya dawo, wata doguwar takarda ta fito da zane-zane, Baturen ya duba, ya sa a shafa fenti a inda masu huda za su bi lafiya. To wannan akwatin ba ya son rana, shi ne Aƙilu yake bin sa da lema.

Da aiki ya ƙare ya dawo gida da hular kwano ruwan ɗorawa, ba ya cire ta sai zai yi alwala. Duk maganar da zai fara sai ya ce, "Mu injiniyoyi."

Sulle, ɗan gwaggonsa, wato taubashinsa, shi ne kullum a wuyansa. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawa, yadda taubasai suka saba.

"Kai bawa," in ji Sulle, "an ce har Baturen ya yi kuka ranar da za ka taho."

"Ƙwarai kuwa. Ya ce ba zai ƙara samun irina ba."

"Gaskiya ne. Ina zai sami sandar lema mai tafiya da ƙafarta?"

To ga yadda lamarin ya taso. A gaban masallacinmu akwai wani fili da aka malale da kankare tun shekarun baya, da aikin gayya. A bayan masallacin, kan tudu, akwai tankin ruwa, shi kaɗai garin yake da shi. Bututun da yake kawo ruwan zuwa wurin alwala da famfunan da mata suke aiko yara ɗiba ya bi ta cikin kankaren nan ne. Injin da yake cika tankin sai an sami man gas yake tashi, saboda haka ruwan ya zama abin tattali. Makullin yana hannun ladan, Malam Audu, yana buɗewa da asuba da la'asar, in an ɗiba ya rufe.

Azumi ya matso, ga shi zai faɗo cikin zafi. Dattawa suka shawarta a kafa rumfar kwano a filin don masu sauraron tafsiri. Bayan rumfar zai dogara da bangon masallaci, gabanta kuma yana bukatar jerin turakun ƙarfe, kowanne sai an huda masa rami a kankare. Matsalar ita ce ba wanda ya san ta inda bututun ya bi. Wanda ya shimfiɗa shi, Sarkin Magina Abdulsalami, Allah ya yi masa rasuwa, ba a kuma naɗa wani ba.

Dagaci Alhassan ya tara mu a zaurensa. Liman ya ce ya tuna sarai, bututun ya bi ta gindin bango. Wakili ya rantse ta tsakiya ya ratsa. Wani tsoho ya ce shi ya riƙe igiyar awo ranar, a karkace aka ja ta. Aka juyo gare ni, tunda ina wurin, na ce na tabbata ya fito daga tanki ya kuma isa famfo, abin da ke tsakani ne ya kwance mini.

Ana cikin haka Aƙilu ya miƙe daga bakin ƙofa, ya gyara hularsa.

"Ranka ya daɗe, ku daina wahalar da tsofaffi. Ni nan ina ganin cikin kankare kamar yadda kake ganin cikin ƙwarya."

"Da wane idon?" in ji Dagaci.

"Da na'ura, ranka ya daɗe. Irin ta Bature. Na zauna da ita har ta saba da ni. A ba ni 'yan kwanaki in haɗa tawa."

"Allah ya ba ka nasara," in ji Sulle, "kada ka biye wa bawan nan. Wannan ko cikin aljihunsa ba ya gani."

Dagaci Alhassan mutum ne mai son a ce garinsa ya riga na maƙwabta. Ya shafa gemu, ya yi tunanin yadda labarin zai isa Kwanyawa.

"Aƙilu, in ka nuna inda za a huda, aka huda, bututun nan bai sami ko ƙwarzane ba, to rawanin Sarkin Magina naka ne. Amma ka sani, ruwan azumin gari ne a ƙarƙashin ƙafarka."

"A sayo rawanin kawai, ranka ya daɗe. Mai tsawo. Kaina babba ne."

Ya tafi kasuwar Karaye ya dawo da wata tsohuwar talabijin fara da baƙa, irin mai aiki da batirin mota, wadda muryarta ta daɗe da mutuwa. Ya ɗaure ta a cikin baro, ya zagaye ta da kwali ya shafe da fenti don kada a ce talabijin ce. Sannan ya shiga ɗakin matarsa Safara'u ya sauko da babban tiren da yake saman jerenta, ya huda gefensa, ya ɗaura masa waya daga bayan talabijin, ya rataye shi a ƙarƙashin baron yana jan ƙasa.

"Malam, tiren aurena ne fa."

"Yau ya sami aikin yi. Da me yake yi in ban da kallon rufin ɗaki?"

"Kallon rufin ɗakin ma ya fi wani aikin."

Ya haɗa batir, gilashin ya kawo haske, ɗige-ɗige fari da baƙi suka cika shi suna tsalle kamar an watsa gero a faifai. Aƙilu ya ja da baya, ya dafe ƙirji.

"Kin gani? Ƙasa tana magana."

"Me ta ce?"

"Ba da mata take yi ba."

A duk gidan, ɗakin Safara'u ne kaɗai yake da daɓen siminti, don haka a nan ya fara gwaji. Ya tura baron daga bakin ƙofa zuwa gindin gado, ƙafar baron ta hau wani ɗan tudu, ɗige-ɗigen suka yi wani irin fizga. Ya tsaya cak.

"Akwai ƙarfe a nan. Babba. Ina jin tukunyar kakanni ce."

Kafin ta buɗe baki ya ɗauko diga. Ya fasa gindin gado bai ga komai ba, ya ce tukunyar ta ɗan gusa. Ya bi ta zuwa tsakar ɗaki, ya bi ta zuwa bayan ƙofa. Da yamma ta yi ɗakin ya zama kamar gonar da aka cire rogo. Can a kusurwa ya tono wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa, ya ɗaga ta sama, ya fito tsakar gida yana kiran maƙwabta su zo su shaida.

"Ƙarfe na ce ko ba ƙarfe na ce ba?"

"Tukunya ka ce," in ji Safara'u, tana zaune a kan katifarta a waje.

"Ƙasa ta cinye sauran. Wannan ce ta rage."

"To ka dafa mana tuwon dare a cikinta."

Labarin ƙusa ya zaga gari, kuma kamar yadda labari yake, yana tafiya yana ƙiba. Kafin ya kai bakin kasuwa ƙusar ta zama takobi. Mutane suka sa wa baron suna Mai Gani Har Hanji. Wani ya zo a duba masa gwiwa, wata ta aiko a duba mata ƙofar ɗaki ko an binne mata wani abu. Ranar kasuwa Aƙilu ya tura baronsa har rumfar Tani mai ƙosai, ya ga wata dabba mai tumbi a ɗaure a gefe, ya ce bari ya nuna wa jama'a abin mamaki. Ya kwance tiren ya manna mata a ciki, ya ƙura wa gilashi ido.

"Tani, ki shirya. Tagwaye ne. Ɗaya ma ya juyo yana kallona."

"Injiniya," in ji Tani, ba ta ko ɗago daga kaskonta ba, "bunsuru ne."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Bunsurun ma ya ga raini ya yi yawa, ya ja baya ya kai wa baron karo.

"Na'urar kankare ce," in ji Aƙilu yana tattara waya. "Ita kanta ta ji haushi da na sa ta aikin dabbobi."

Ranar duban filin masallaci aka taru, bayan la'asar ne, maza a kewaye, mata suna leƙe ta saman katanga. Aƙilu ya sa aka share filin, ya hana kowa tari. Ya fara tura baro sannu-sannu, yana taku kamar mai bin sawun ɓarawo. Da ya kai ɓangaren filin da ya fi kusa da tudu, sai ɗige-ɗigen suka fara tattaruwa. Suka yi duhu a sama, suka yi fari a ƙasa. Sai ga hula. Sai ga fuska. Wani mutum ne da babbar riga, a zaune, bakinsa yana motsi ba a jin abin da yake faɗa.

Wanda ya fara gudu Aƙilu ne. Hular kwanon ta faɗi tana gangara, bai waiwaye ta ba. Jama'a suka dare, takalma suka watse, Wakili ya shige bayan Liman, Liman yana ta karanto addu'a da ƙarfi. Wata tsohuwa daga saman katanga ta rafka salati ta ce wallahi marigayi Abdulsalami ne, ya zo ya ga wanda zai taɓa masa aiki.

Sulle ne ya matsa ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Jama'a, ku dawo. Wannan mai karanta labarai ne na gidan talabijin a Kano. Na sha ganinsa a shagon mai shayi a Karaye. Ga shi ma yana juya takarda."

Aƙilu ya dawo yana kaɗe riga, ya ɗauki hularsa, ya ce shi ba gudu ya yi ba, ya ja da baya ne don ya ga hoton da kyau.

"To bawa, me mutumin Kano yake yi a ƙarƙashin masallacinmu?"

"Kai jahili ne, Sulle. Ƙarfin na'urar ne ya yi yawa. Ta ratsa kankare, ta ratsa ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin Gwarzo ta ɓullo Kano. Ta Baturen ma iyakarta kamu biyu."

Sai wani ya ce, "Ikon Allah!" Wani ya karɓa. Dagaci ya gyara zama, fuskarsa ta washe, ya ce wa Wakili a tabbata mutanen Kwanyawa sun ji wannan.

"Gobe da safe zan rage mata ƙarfi," in ji Aƙilu, "ta tsaya iya garinmu."

Da safe kuwa ta tsaya, tunda gidan talabijin ba ya buɗewa sai yamma. Aƙilu ya yi ta kai da komo a filin da gwangwanin jan fenti. Inda baron ya yi gargada, wayar batir ta girgiza, ɗige-ɗigen suka fizga, sai ya ce, "Haɗari! Bututu!" ya kauce. Inda baron ya tafi sumul, gilashin ya kwanta, sai ya ce, "Nan lafiya lau," ya zana da'ira. Abin da bai sani ba, mu ma sai daga baya muka gane, shi ne filin nan samari ne suka daddaɓe shi da bayan shebur ranar gayya, ko'ina gargada ne. Wuri ɗaya ne marigayi Abdulsalami ya hana kowa taɓawa, ya durƙusa da kansa ya lailaye shi da cokalin gini, don yana jin tausayin abin da ke ƙarƙashi. Ƙafafu da ƙasa sun daɗe da mayar da filin launi ɗaya, ido ba ya bambancewa, amma ƙafar baro ta bambance.

Da'irorin suka fito a jere, miƙe kamar sahun salla. Biyar ne ko bakwai, na kasa tsayar da ɗaya. Kowa ya yaba da kyan layin.

Dagaci ya ce a haɗa huda da naɗi rana ɗaya, don baƙi su ga aiki su ga mai aiki. Aka ɗauko wani Lukumanu daga Rogo, mai injin huda da janareta. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana toshe kunnuwansa da auduga, ba ya tambaya, inda aka nuna masa nan yake dannawa. Ya fara da hantsi, lokacin Malam Audu ya riga ya rufe ruwan safe.

Injin ya yi ta gurnani a ramin farko, sai can ya zurma da sauƙi, wasu fararen ɓawo masu lanƙwasa suka fito tare da garin kankare. Lukumanu ya kashe injin, ya zare audugar kunne ɗaya.

"Maigida, nan ƙasan da laushi."

"Ai shi ya sa na zaɓe shi. Ci gaba."

Sulle ya tsuguna ya tsinci ɓawon, ya murza, ya shinshina.

"Bawa, wannan fa kamar roba."

"Farar ƙasa ce."

"Farar ƙasa tana lanƙwasa?"

"Ta zurfi tana yi. Ka taɓa zuwa zurfi? Ka ga ɗigon ruwa ko ɗaya?"

Ramin kuwa a bushe yake, in ban da ɗan danshi a ƙasa, wanda Aƙilu ya ce gumin kankare ne. Lukumanu ya mayar da audugarsa, ya bi sauran da'irorin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ba da farar ƙasarsa mai lanƙwasa. Da aka gama, Aƙilu ya bi ramukan yana zura sanda yana ɗagowa.

"Ina masu cewa za a yi ambaliya? A kawo mini kwale-kwale mana!"

Aka ce turaku sai gobe in an kwaɓa siminti. Aka shimfiɗa tabarmi a kan ramukan don kada baƙi su karye, aka kawo kujerar Dagaci. An so a yi naɗin bayan azahar, amma baƙin da aka gayyato daga Jajaye suka makara, da suka iso kuma gaisuwa ta ci nata lokacin, an tambayi gida, an tambayi gona, an tambayi gajiyar hanya, an sake tambayar gida. Maroƙi ya shiga tsakiya yana kirari, yana cewa ga mai idon da ya ga Kano daga Tsamiyar Barau. Safara'u tana cikin mata a bayan katanga, an yi ta yi mata barka tana cewa, "Uhm."

Aƙilu ya zauna a tabarmar tsakiya cikin riga ta aro, aka cire masa hular kwano a karo na farko ba don alwala ba. Wakili ya warware rawani fari sol, mai tsawo kamar yadda aka nema, ya yi bisimilla ya fara naɗi.

Shi kuwa Malam Audu ladan ba ruwansa da taro. Ya dubi inuwa ya ga la'asar ta yi, ya hau tudu, ya buɗe ruwa, ya jefa makullin a aljihu, ya sauko ya hau ɗan dandamalinsa a gefen masallaci, ya fuskanci gabas, ya ba mu baya, ya sa yatsu a kunne.

Da farko wani sauti muka ji kamar tsakin maciji. Sai tabarmar baƙin Jajaye ta kumbura a tsakiya. Babbansu ya dube ta, ya sa hannu ya danna, ta kumbura a wani wurin. Sai ta ɗage gaba ɗaya, ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin mutum. Na biyu ya fito ta ƙarƙashin kujerar Dagaci. Na uku ya sami maroƙi a tsakiyar kirari, bakinsa a buɗe. Na tsakiya kuwa, mafi ƙarfi, ya shiga ta ƙasan rigar aro ya fito ta wuya.

A daidai nan Malam Audu ya ɗaga murya ya fara kiran salla.

Duk wanda ya san garinmu ya san abu biyu. Ba a katse ladan, kuma ba a surutu yana kira. Malam Audu kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai dogon numfashi, in ya kama kalma ɗaya sai ya kai ta har bayan gari ya dawo da ita. Makullin yana aljihunsa. Wani saurayi ya zabura zai je, Liman ya riƙe masa riga ya girgiza kai. Haka muka tsaya, dattawa da baƙi, ruwa yana zubo mana daga sama, muna amsa kiran a hankali, muna kallon ruwan azuminmu yana gangarawa kwata.

Dagaci ya miƙe, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Ya dubi ramukan, ya dubi jama'a, ya dubi kan Aƙilu. Sai ya miƙa yatsa.

Wakili ya gane. Ya kama bakin rawanin da ya fara naɗawa ya shiga warwarewa, kan Aƙilu yana juyawa kamar mazari. Aƙilu ya riƙe ƙarshen da hannu biyu, yana roƙo da ido, tunda ba halin magana. Sulle ya zo ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. Aka sa haƙori aka keta rawanin, kowa ya ɗauki ƙyalle ya nufi rami, ana cusawa da sanda. In an toshe wannan, wancan ya ƙara tsiri. Baƙon Jajaye ya cusa nasa ya zauna a kai, ruwan ya ɗaga shi kaɗan ya ajiye. Lukumanu, da audugarsa a kunne, yana can yana naɗe wayar janareta, sai da ruwa ya taɓa masa ƙafa ya waiwayo.

Malam Audu ya idar, ya yi addu'arsa, ya shafa, ya juyo.

"Subhanallahi! Hadari aka yi?"

"Makulli, Malam Audu!" garin gaba ɗaya ya amsa.

Kafin a rufe, tankin ya sauka ƙasa da rabi. Aka yi la'asar da jiƙaƙƙun riguna, ba wanda ya nemi buta. Da aka sallame, Dagaci ya sa aka kawo Aƙilu gabansa. Baƙi ba su tafi ba, ko kusa, wa zai tafi ya bar wannan.

"Ranka ya daɗe," in ji Aƙilu, ruwa yana ɗiga daga hancinsa, "a duba lamarin da idon basira. Liman ya ce gindin bango. Wakili ya ce tsakiya. Dattawan garin nan kaf sun kasa gano bututun nan. Ni fa? Rami nawa aka huda? Akwai wanda ya kuskure?"

"Babu," in ji Sulle. "Ko mai harbin tsuntsu sai ya sara maka."

"To ka ji, ranka ya daɗe, ko maƙiyi ya shaida. Kuma an riga an kai rawanin har kunnena kafin a sami tangarɗa. A shari'ance rabin sarauta ta hau."

Daga bayan katanga muryar Safara'u ta taso. "A tambaye shi tirena!"

Dagaci ya matse hannun rigarsa, ruwa ya tsiyaye. Ya juya ga Lukumanu ya tambaye shi yaushe za a iya gyarawa. Lukumanu ya ce sai an fasa layin gaba ɗaya, an sayo sabon bututu daga Kano, kuma shi ba aikinsa ba ne, shi huda kawai yake yi. Dagaci ya dubi ramukan, kowanne da farin ƙyalle ya leƙo kamar kunnen zomo.

"Aƙilu, na yi maka alkawarin rawani, ga shi can na ba ka. Yana cikin ramukan nan. Sarki kuwa ba ya barin rawaninsa ya faɗi. Daga yau har ranar da za a gyara, duk lokacin da Malam Audu zai buɗe ruwa, asuba da la'asar, kai ne za ka danne shi. In ƙyalle ɗaya ya tashi, kai da matan garin nan."

Gyaran bai samu ba sai da azumi ya yi nisa. Kullum in an buɗe ruwa sai ka ga Aƙilu a filin masallaci, ya ɗora duwatsu a ramukan nesa, ya taka biyu da ƙafa, ya dafe ɗaya da hannu, ya baje kamar gizo-gizo, yara suna wucewa da bokitai. Sulle ba ya fashin zuwa. Yakan cire takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya jinjina hannu.

"Ranka ya daɗe Sarki! Yaya talakawa?"

Wata la'asar wani baƙo mai keke ya tsaya zai yi alwala, ya ga mutum a baje a ƙasa da hular kwano, ruwa yana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Ya yi sallama ya tambaya ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Aƙilu, ya ɗago dogon wuyansa. "Aikin injiniya ne. Daga ina?"

"Daga Rogo."

"Madalla. In kuna da bututun da ya ɓace muku a can, ku aiko. Amma sai bayan salla, yanzu ka ga hannuna ba sarari."